Ajin zane da wasan kwaikwayo da na kai yarana a dogon hutu

Tun da aka koma makaranta ƙawayena ke tambayata ko wajen nan da na kai yarana ya dace su ma su kai nasu, to bari in faɗi abin da na gani da idona. Wata ƴar cibiya ce nan cikin Kaduna, Asabar da Lahadi suke yi a dogon hutu, zane da wasan kwaikwayo da waƙa amma duk a kan haƙƙin yara abin yake tafiya.

Gaskiya da farko babansu bai so ba, cewa ya yi irin waɗannan ne ke koya wa yaro ɗaga wa iyayensa murya, ni ma zuciyata ba ta kwanta ba shi ya sa ranar farko ban tafi ba na samu benci a bayan aji na zauna. Malamar ta ɗan yi musu bayani cewa Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar haƙƙin yara ranar 20 ga Nuwamba 1989, Najeriya kuma ta yi tata dokar a 2003, amma ba ta tsaya karanta musu sassa 54 da ke cikin yarjejeniyar ba, takarda da kala kawai ta raba ta ce kowa ya zana abin da yake ganin bai kamata a hana kowane yaro ba. Wani ya zana makaranta, wata ta zana kwanon tuwo, wani ɗan ƙarami ball kawai ya zana kuma malamar ta ce ya yi daidai, wasa ma haƙƙi ne yana cikin yarjejeniyar.

Abin da ya kwantar min da hankali shi ne ba ta tsaya a haƙƙi kaɗai ba. Ta kawo yarjejeniyar haƙƙin yara ta Afirka ta 1990 inda sashe na 31 ya yi magana kan nauyin da ke kan yaro shi ma, girmama iyaye da na gaba da taimaka musu, sannan ta haɗa da abin da muka sani tun a islamiyya, suna mai kyau, shayarwa, tarbiyya, ilimi. Da na ba babansu labari shiru ya yi, sati na gaba da kansa ya kai su.

Wasan da suka yi ranar rufewa wallahi sai da na share hawaye. Labarin ƴar talla ce da kullum take leƙen aji ta taga da farantin gyaɗa a ka, ƴata ce ta fito a uwar, kuma ba su mayar da uwar muguwa ba, sun nuna babu ce ta sa, wannan ya burge ni sosai don mun san yadda gidaje suke. Tun ranar ƴata take tambayata yarinyar da ke kawo mana awara wace makaranta take zuwa, har sai da na je na gaisa da mamanta muka yi magana. Shi kuma yayan ƴar tawa bayan darasin suna da rajistar haihuwa ya dawo yana cewa Umma ina takardar haihuwar auta, da na duba katin asibiti kawai muke da shi, a satin na je ofishin hukumar ƙidaya na karɓo.

Akwai kuma wata waƙa da suka koya kan sassan jikin da ba wanda zai taɓa, in an taɓa a gaya wa Umma ko malama, mata daban maza daban aka koya musu, maganar da ni na daɗe ina jin nauyin farawa.

Matsalolinsu kuwa, ɗaki ɗaya ne yara sun yi yawa, in aka ɗauke wuta zafi kamar me, fenti ya ƙare a sati na uku sai da muka sayo da kanmu, kuma ba sa tashi kan lokaci. Babban abin da ya tsaya min a rai kuɗin ne, don yaran da suka fi buƙatar ajin, almajirai da ƴan talla, ba mai biya musu. Na yi wa malamar magana ta ce in iyaye za su haɗa hannu za ta ware gurbi, ni dai na riga na sa sunan mai awarar tamu tare da nawa a hutu mai zuwa in Allah ya kai mu.