Fluoxetine ko amitriptyline: me kowanne yake yi a ƙwaƙwalwa?

Wata 'yar'uwa ta yi tambaya a zauren nan: likita ya ɗora ta a kan fluoxetine, yayarta kuma amitriptyline, alhali duk ciwon damuwa ne, to wanne ya fi? Allah ya ba ku lafiya, 'yar'uwa.

Ta hanyar sinadarai ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suke aika wa juna saƙo. Wannan ta saki sinadari irin serotonin, maƙwabciyarta ta karɓa, sai ta farkon ta tsotse ragowar. Duka magungunan biyu wannan tsotsewar suke tarewa, don sinadarin ya daɗe a tsakani.

Fluoxetine, wanda Amurka ta amince da shi a 1987 da sunan Prozac, kusan serotonin kaɗai ya sa a gaba. Da safe aka fi shan sa don yana iya hana barci. Tashin zuciya a makon farko, raguwar sha'awar aure daga baya: wannan na biyun kunya kan hana a faɗa wa likita, kuma ya kamata a faɗa.

Amitriptyline tsohon hannu ne, tun 1961. Yana riƙe serotonin da noradrenaline (wani sinadarin saƙo), amma bai tsaya nan ba. Yana toshe aikin sinadarin histamine, sai barci mai nauyi da ƙiba. Yana toshe aikin sinadarin acetylcholine, sai baki ya bushe ƙamas, bayan gida ya yi tauri. Tambayi yayarki ko jiri kan ɗebe ta in ta miƙe daga sujada da sauri, shi ma aikinsa ne. Ga wanda barci ya ƙaurace wa, ko mai ciwon jijiya, wannan faɗin aikin nasa alheri ne, ga araha. Sai dai in aka sha fiye da ƙima yana rikita bugun zuciya har ya kashe, don haka a ɓoye shi daga yara. A nan fluoxetine ya fi shi aminci nesa ba kusa ba.

Wajen warkarwa tazararsu kaɗan ce. Cikin awanni suke tare tsotsewar, amma sauƙi sai an yi mako biyu zuwa shida, lokacin da ƙwaƙwalwa take sake daidaita hanyoyinta. Abin da ke damuna shi ne masu yar da magani a kwana na goma wai ba ya aiki. Ko an warke, akan ci gaba aƙalla wata shida, kuma likita ne ke rage shi sannu a hankali.

Kada ku yi musanye ke da yayarki, kada kuma a haɗa ko wanne da tramol: serotonin na iya yin yawa har a kai ga zazzaɓi da farfaɗiya. In tunanin kashe kai ya zo, musamman ga 'yan ƙasa da shekara 25 a farkon shan maganin, asibiti a ranar, ba gobe ba.