Darasin Hindi ta waya da malami ɗan Kota: kunne ya amfana, aljihu ya ji jiki

Abokan sana'a a harkar fassarar fina-finan Indiya sun dame ni da tambaya kan darasin Hindi da nake ɗauka ta kiran bidiyo, ko ya ci kuɗinsa. Amsata ita ce ya ci, amma ba ga kowa ba.

Malamin nawa mutumin Kota ne, birnin da ke bakin kogin Chambal a kudu maso gabashin jihar Rajasthan, wanda ya yi suna da makarantun share fagen jarrabawar shiga karatun likita da injiniya. A aji Hindi yake koyarwa, amma harshen da ya sha a nono shi ne Hadoti, na yankin Kota da Bundi da Baran da Jhalawar. Ƙidayar Indiya ta 2011 ta nuna masu magana da shi sun kusa miliyan 3, sai dai a ƙarƙashin Hindi aka lissafa su, kuma ko Rajasthani, babban harshen da ake ɗaukar Hadoti reshensa, gaba ɗayansa ba ya cikin harsuna 22 da kundin tsarin mulkin ƙasar ya jera. Wannan batu na yi masa ciwo. In ka kuskura ka taɓo shi, to ka yi sallama da kwatan awar da ka biya.

Abin da ya sa nake ci gaba da biya shi ne yadda ya buɗe min kunne kan maimaita kalma. Mai fassara da bai kama wannan ba, zai yi ta yanka magana a inda ba gaɓa. Akwai maimaici cikakke, wanda Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani a kansa: dhire-dhire sannu-sannu ne, jaldi-jaldi maza-maza, ghar-ghar gida-gida. Wannan a zama ɗaya muka wuce shi.

Inda aikin yake shi ne maimaicin da ake canza sautin farko. Daga chai (shayi), pani (ruwa) da kitab (littafi), mutum zai ce chai-vai, ko pani-vani, ko kitab-vitab. Kalma ta biyun ba ta da ma'ana ita kaɗai, amsa-kuwwa ce kawai: a cire baƙin farko a sa v, a bar sauran kalmar yadda take. In kalmar da wasali ta fara, sai a liƙa mata v ɗin a gaba, aam wato mangwaro ya koma aam-vaam. Ma'anar kuwa ita ce abin da danginsa, shayin da ɗan abin taɓawa da duk abin da ya samu. Mu "su" muke sawa a nan, mu ce a kawo su shayi. Na sha jin masu fassara sun mayar da chai-vai shayi tsurarsa, alhali mai maganar yana nuna sakin jiki ne, wani lokacin ma da ɗan raini a ciki, kamar yadda za ka ce da yaro ya kwashe su littattafan nan nasa. Sannan ga waɗanda wasali ne ke juyawa a tsakiya, irin thik-thak da chup-chap.

Salon koyarwarsa a nan ya burge ni. Ba ya rubuta doka a allo. Jefo min kalma yake yi, in mayar masa da amsa-kuwwarta nan take, in na yi jinkiri ya jefo wata. Daga baya ya riƙa sa min muryoyin mutane in gane daga ina suke, domin Bapanjabe sh yake sawa, ya ce roti-shoti, mutumin Bengal kuma t mai naɗe harshe. Yanzu ko a fim na ji cha-sha, na san gidan da aka nufa a nuna.

Hadotin nasa kan tsallako cikin darasi ba da saninsa ba, musamman in hira ta yi daɗi. Sai ka ji chhe a wurin hai, kalmar Hindi mai kama da "ne" ɗinmu. Ni daɗi yake min, don ta nan na fara rarrabe Hindin littafi da maganar ƙauye, wadda ake yawan ɗora wa dattawa da masu ban dariya a fim. Amma ɗan koyon da bai riƙe baƙaƙen Devanagari, wato rubutun Hindi, ba tukuna zai rikice, kuma malam ba ya cika tsayawa ya ce wannan na gida ne, wancan na makaranta. A gefen furuci, wurin da na samu sauƙi shi ne sautin da ke tsakiyar sunan Hadoti ɗin kansa, wanda ya sa wasu ke rubuta shi Harauti: kusan r ɗinmu ce ta "rana" da "ruwa", mai kaɗa harshe. Wahalata tana kan baƙaƙe masu fitar da iska, bambancin b da bh, ko d da dh. Har yau yana gyara min su, kuma bai taɓa nuna gajiya ba.

Sai matsaloli. Indiya na gabanmu da awa huɗu da rabi, don haka bayan Isha'i, lokacin da nake da sarari, shi ƙarfe ɗaya na dare ta yi masa. Dole na koma yin darasi da hantsi, ina satar lokacin aiki. Kuɗin da dala ake biya, duk motsin da canji ya yi a jikina yake ƙarewa. In sabis ya yi rauni kuwa, abin da ya fara ɓacewa shi ne ainihin abin da na zo nema, wato ɗan bambancin sauti. Belun kunne mai kyau wajibi ne. Ba ya ba da takardar bita, ba ya kuma bin wani tsari daga mako zuwa mako, ni nake naɗar darasin da izininsa in saurara daga baya.

Wanda zai raka mara lafiya asibiti a Delhi, yana son gaisuwa da lissafin kuɗi da tambayar hanya cikin gaggawa, ya nemi malami mai manhaja a tsare. Mai fassara ko ɗalibin kimiyyar harshe da ya riga ya iya karanta Devanagari, wannan irin malamin ya dace da shi. Ya dai shiga aji da jerin tambayoyinsa a hannu, in ba haka ba malam ne zai ja hirar, kuma ƙarshenta kachorin Kota, wani soyayyen abin taɓawa, za a koma yabo.