Hattara da masu sayar da memorin Raspberry Pi "mai lasisi"

Jama'a, musamman masu koya wa yara haɗa na'urori da ɗaliban da ke aikin kammala karatu da Raspberry Pi, akwai wani salon cuta da ke yawo a zaurukan WhatsApp. A kaina ya faɗa, shi ya sa nake magana.

Ina da yara shida da nake koya wa rubuta manhaja duk ranar Asabar a zauren gidanmu, da Raspberry Pi 4 guda uku. Wanda ya san wannan 'yar kwamfuta mai girman katin ATM ya san ba ta zuwa da babbar manhaja, wato wadda ke tafiyar da kwamfutar gaba ɗaya, a cikinta, sai ka ɗora mata a kan memori. Sai na ga talla: memori mai 128GB, an riga an ɗora masa manhaja "ta asali, mai lasisi", sakawa kawai za ka yi ka kunna. Na duba tsadar data da yadda intanet ke yankewa a unguwarmu, na ga sauƙi ne, na sayi uku. Da na tura kuɗi mai tallar ya ce, "Malam, duk bayan wata uku akwai ɗan kuɗin sabunta lasisi, ni zan riƙa yi maka."

Sati biyu komai lafiya. A Asabar ta uku wata yarinya ta buɗe aikin da ta sha wahala a kai, ƴar manhajar da ke kunna fitilu uku, ja da ɗorawa da kore, kamar danjar kan titi. Sunan fayil ɗin yana nan, amma ciki babu ko harafi ɗaya da za a karanta. Ta juyo ta ce, "Malam, ina aikina?" Ban samu amsar da zan ba ta ba. Kafin mu tashi, na'urar ta ƙi tashi gaba ɗaya.

Na kira mai tallar. Bai ko yi jim ba ya ce ai ɗauke wuta ne ya lalata memorin, in kawo ya sake ɗorawa, kuɗin ba yawa. A nan dabararsa take, domin maganar tana da ƙanshin gaskiya. Idan wuta ta ɗauke Raspberry Pi yana tsakiyar rubutu a memori, fayiloli kan lalace, kuma a wurinmu wa zai musa an ɗauke wuta? Da ƙyar in ba haka ya riƙa rufe bakin duk wanda ya koma masa da ƙorafi ba.

Ban mayar masa ba. Na goge memorin da ya mutu, na sa shi a laftof, na gwada shi da H2testw, wata ƙaramar manhajar kyauta ta Windows da ke cika memori taf da bayanai sannan ta sake karanta su. Masu Linux suna da irinta, F3. Bayan awanni sakamako ya fito: abin da ke aiki bai kai 8GB ba. Yadda suke yi shi ne, a sauya bayanin da ke cikin ɗan ƙwaƙwalwar memorin, ya riƙa gaya wa kwamfuta girman ƙarya, a buga masa tambarin babban kamfani. Muddin ba ka wuce ainihin girmansa ba, ba za ka ga komai ba. Da ka wuce, sabon abin da ka ajiye ko dai ya ɓace, ko ya hau kan tsohon ya murƙushe shi. Babbar manhajar ta riga ta cinye kaso mai yawa, ɗan abin da ya rage kuma yara suka cika shi cikin sati biyu.

Abin da na gani a memori na biyu ya fi tayar mini da hankali. Na buga cat /etc/os-release, umarnin da ke nuna wace babbar manhaja ce a ciki, sai ga Raspbian Buster, tsohon zubin da ya fito tun 2019, hoton fuskar allo kawai aka sauya. Ya kuma toshe adireshin rumbunan da ake sauko da gyare-gyare, don in ka nemi sabuntawa da kanka kada ka samu komai, dole ka koma wurinsa da kuɗi. Sunan mai shiga pi ne, kalmar sirri raspberry, ƙofar SSH, wadda ake bi a shiga na'ura daga wata kwamfuta ta intanet, kuma a buɗe. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Tun ƙarshen 2016 manhajar take zuwa da SSH a rufe, wato da hannu aka buɗe ta. A 2017 kamfanin Dr.Web ya gano wata muguwar manhaja, Linux.MulDrop.14, da ke neman irin waɗannan na'urori masu tsohuwar kalmar sirri, ta shige ta sa su haƙar kuɗin kirifto. A Afrilun 2022 masu Raspberry Pi suka cire sunan pi da aka saba zuwa da shi, yanzu kowa shi ke zaɓar nasa. Ko da gangan mutumin nan ya yi ko sakaci ne, na'urori uku a buɗe na jona da intanet ɗin gidana, inda wayoyin iyalina suke.

To ku ji da kyau: Raspberry Pi OS, wato babbar manhajar na'urar, ba ta da lasisin da ake saya. Kyauta ce, a kan Debian, wani nau'in Linux, aka gina ta, Raspbian ake ce mata kafin a sauya suna a 2020. Sabuntawa ma kyauta ce. Haka Armbian da masu Orange Pi, wata 'yar kwamfuta irin wannan, ke amfani da ita, haka LibreELEC ta kallon bidiyo. Sayar da memorin da aka riga aka ɗora wa manhaja ba laifi ba ne, dillalan da kamfanin ya amince da su suna yi, kuma kuɗin memorin da aikin suke karɓa. Amma duk wanda ya ambaci lasisi ko kuɗin sabuntawa, ka riƙe kuɗinka.

Hanyar da na bi daga baya ba ta da wuya. Na sayi memori mai 32GB a shagon da zan iya komawa in an samu matsala, na gwada shi da H2testw kafin komai. Na sauko da Raspberry Pi Imager, manhajar da ke ɗora babbar manhaja a memori, daga raspberrypi.com, na zaɓi irin na'urata, na sa sunana da kalmar sirrina, ita kuma ta ɗora sannan ta duba ko abin ya rubutu daidai. Maganar data da ta jefa ni hannunsa ma ashe tana da mafita: sau ɗaya za ka sauko da manhajar, ka ɗora ta a memori ko nawa ne, har ka ba abokanka a filas. Wanda ba ya buƙatar fuskar allo ya ɗauki nau'in da ake kira Lite, ta fi ƙanƙanta sosai.

Sabuntawa umarni biyu ne da za ka buga, sudo apt update sannan sudo apt full-upgrade, ka dai tabbata kana kan inbata ko batir mai ƙarfi kafin ka fara. Idan kuma tsallakawa za ka yi daga wani babban zubi zuwa wani, kamar daga Bullseye zuwa Bookworm ta 2023, shawarar masu ita ita ce ka kwashe fayilolinka ka ɗora sabuwa fil. Mai Raspberry Pi 5 ya sani Bookworm ce mafi tsufan da za ta yi masa aiki, irin memorin mutumin nan ko tashi ba zai yi a kanta ba.

Na tura masa hoton sakamakon gwajin, ya karanta, ya toshe lambata. Yarinyar ta sake buga aikinta daga littafin da take rubuta darasi, ya ɗauke ta Asabar biyu. Makon jiya na sake ganin tallar a wani zauren ɗalibai, hoto ɗaya, kalmomi ɗaya, lamba ce kawai ta sauya, an kuma ƙara cewa akwai na Raspberry Pi 5. Na sanar da shugaban zauren ya cire ta. Idan akwai irin wannan memori a na'urarka yanzu, ka cire ta daga intanet yau, ka kwashe ayyukanka kafin ya cika.