Buruj da maraice: a riga ƙarfe shida zuwa

Ƴan uwa na Yamai, ina gaisuwa. Duk mai niyyar ganin Buruj, tsohon birnin Beljiyam da hanyoyin ruwa suka ratsa, ya fara da duba agogo. A gida, bayan magariba ne masu tsire da masu shayi ke buɗe ido. A nan ƙarfe shida na yi sai ka ga kantuna suna ja ƙofa.

Daga Burusel tafiyar kusan awa ɗaya ce a jirgin ƙasa. A allon tasha Brugge za ka gani, don Filamanci ake yi a yankin, ko da yake da yawansu suna jin Faransanci. Daga tasha zuwa dandalin Markt minti ashirin ne a ƙafa, kan duwatsun da aka jera, masu santsi idan an yi ruwa. A sa takalmi mai riƙo.

Jirgin ruwa mai zaga gari da baƙi shi ne ke wuce mutane. Yana aiki daga goma na safe zuwa wajen shida na yamma, cikin hunturu kuma yawanci hutu yake. Zagayen rabin awa ne, kimanin yuro 15, wato kusan jika goma tunda yuro ɗaya sefa 656 ne. Ba kamar mai kwalekwale a gindin Gadar Kennedy ba, da za ku yi ciniki har ya jira ka rana ta faɗi. Nan kuɗi a rubuce yake, ba ragi, amma jirgin tsaf, direban na ba da tarihin kowace gada, yana cewa a sunkuyar da kai wajen gajerun.

Idan an makara, abin da ya rage kyauta ne, kuma a ganina shi ya fi. Ka tsaya a bakin ruwan da ake kira Rozenhoedkaai bayan an kunna fitilu: gidajen jan bulo da hasumiyar Belfort mai tsawon mita 83 suna kwance cikin ruwa kamar a madubi.

Soyayyen dankali ana samunsa gindin hasumiyar har dare. Sau biyu ake soya shi, galibi da kitsen shanu. Cakulan kuwa a tambaya kafin a saya, wasu da giya a ciki. Ruwan sha a gidan abinci saye ake yi, ban-ɗaki ma biya ne, don haka a riƙe gora da ƴan canji. A watan Yuni magariba sai kusan goma na dare, sai a duba lokacin jirgin ƙasa na ƙarshe tun ana saukowa tasha.