Madarar jariri: ta Japan, ta Turai ko kunun gida?

Wasu masu sayar da madarar gwangwani a intanet kan ce tasu "ba ta da burbushin nukiliya ko kaɗan". Uwar gida, kafin ki ƙara kuɗi saboda wannan magana, ki san cewa babu madarar da ta kai sifili. Ko nonon uwa yana ɗauke da fotashiyam-40, sinadari mai fitar da tururin nukiliya da Allah ya halitta a ƙasa da abinci tun asali.

Abin da ake sa wa ido shi ne siziyom, wanda hatsarin tashar nukiliya ke watsawa, kuma da bekerel ake auna shi a kowane kilo. Bayan hatsarin Fukushima na Maris 2011, Japan ta matsa: daga Afrilu 2012 abincin jarirai da madara ba za su wuce bekerel 50 ba, na manya 100, ruwan sha 10. Tun a Disamba 2011 kamfanin Meiji ya janye gwangwani kusan 400,000 da aka sami kimanin bekerel 30 a cikinsu, alhali iyakar lokacin 200 ce. Tarayyar Turai ta sa 400 ga abincin jarirai idan hatsari ya auku, hukumar Codex mai tsara ƙa'idojin abinci na duniya kuwa 1,000. A takarda Japan ta fi su tsanani, amma waɗannan iyakoki ne, ba abin da ke cikin gwangwanin ba. Ni dai ba zan biya ninki don su ba.

Tsoron ya samo asali daga hatsarin tashar nukiliya ta Chernobyl da ke Ukraine a 1986: shanu suka ci ciyawa mai ayodin-131, wani sinadarin da hatsarin ya watsa, yara suka sha ɗanyar madararsu, daga baya ciwon daji ya kama wasu a wuya, wurin da maƙoƙo ke fitowa. Sai dai ƙarfin ayodin-131 raguwa yake da rabi duk kwana 8, garin madara kuwa yakan yi watanni kafin ya iso kanti.

Kunun gida, bayan wata shida na nono zalla, ya fi arha nesa ba kusa ba. Barazanarsa funfuna ce: gyaɗa da masarar da suka sha raɓa kan tara gubar aflatoksin mai lalata hanta, kuma tafasawa ba ta kashe ta. Ki tsince duk ƙwayar da ta yi baƙi ko ta motse.

In gwangwani za ki saya a Najeriya, duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewa, ki juya shi ki ga ko ya lotse ko ya yi tsatsa, ki tabbatar ba a taɓa ɓare ledar bakinsa ba.