An gina mini nono da naman cikina: likita ya yi aiki, amma bayani ya yi ƙaranci

Duk wadda aka cire wa nono saboda kansa, aka kuma yi mata gashi da hasken da ake ƙona kansa da shi (radiotherapy), ta yi dogon tunani kafin ta yarda da robar silikon da ake sawa a madadin nonon. Ni da robar na fara. An sa mini jakar nan da ake ɗura wa ruwan gishiri kaɗan-kaɗan har fata ta buɗe, daga baya aka musanya ta da silikon. Da fari ba laifi. Sai dai jiki yakan kewaye duk wani baƙon abu da tabo, fatar da ta sha gashi kuwa ta fi yin haka. Nawa tabon ya yi kauri ya matse robar, nonon ya haura sama ya yi tauri, kwanciya ta wannan gefen ta gagara. Abin da ya kai ni wurin wani likitan fiɗa ke nan, aka yi mini aikin da suke kira DIEP.

Fata da kitsen mara ake yankowa tare da jijiyoyin jinin da ke ciyar da su, a kai ƙirji, a haɗa su da jijiyoyin da ke bayan haƙarƙari. Da madubin ƙara girma ake ɗinkin, zaren ya fi gashin kai siriri. Tsohon salon TRAM na 1982 da tsokar ciki yake tafiya. DIEP kuwa, wanda likitan fiɗa Robert Allen ya wallafa a Amurka a 1994, tsaga tsokar kawai ake yi a zaro jijiyar, a bar ta a mazauninta. Kafin ranar ma sai da aka yi mini hoton CT na ciki don a ga jijiyar da ta fi ƙarfi. Aikin yakan ci awa 6 zuwa 8, ni dai na farfaɗo na ga duhu ya yi.

Abin da ya sa na zauna rubutun nan wata nas ce. Bayan irin wannan aiki, duk awa sai an zo an duba naman, dare da rana, saboda in jini ya daskare a wurin ɗinkin, naman mutuwa zai yi. Suna ɗora wata 'yar na'ura mai suna Doppler a kan fatar, sai ki ji shuu, shuu, alamar jini na shiga. A daren farko na gaji da tashin da ake yi mini, jikina duk robobin tsiyayar ruwa, ciki a ɗaure. Can cikin dare ta shigo, ta ɗora na'urar, ƙara ta fito ras. Na ɗauka shi ke nan za ta fita. Ba ta fita ba. Ta kunna babbar fitila, ta danna fatar da yatsa ta saki, ta sake dannawa. Na ce, "Sista, lafiya?" Ta ce, "Hajiya, launin nan bai yi mini ba, bari in kira likita." Wurin ya fara duhu ya kumbura, ni ban ma sani ba tunda ba na jin komai a wajen.

Ashe jini na shiga amma ba ya fita. Jijiyar da ke mayar da shi ce ta toshe, ita kuma na'urar mai shigowa take ji, shi ya sa ta ci gaba da ƙara lafiya lau. Likitan ya zo da idon barci, ya duba sau ɗaya ya ce a shirya ɗakin tiyata. Ya cire gudan jinin, ya sake ɗinkin, ya ƙara wata jijiyar ta biyu don jini ya samu hanyar fita. Da safe ya gaya mini cewa irin wannan matsala awoyi kaɗan take bayarwa, da an jira zagayen safe da wuya a ceto naman. Wallahi har yau in na tuna matar nan sai na yi mata addu'a. Da wata ce, ta ji ƙarar na'ura ta rubuta a takarda ta wuce. Allah ya saka mata da alheri, ya kuma jiƙan mahaifanta.

Nonon kansa alhamdulillahi. Yana da laushi, yana da ɗumi, in na kwanta ya kwanta, in na ƙara ƙiba ya ƙara. Tsakaninsa da robar akwai nisa.

Amma kada wata ta karanta wannan ta ɗauka na fito ina murna. Cikin ya fi ƙirjin wahala nesa ba kusa ba. Tabo daga wannan ƙugu zuwa wancan, an sake wa cibiya mazauni, tafiya a sunkuye, tari kuwa sai na rungume matashi. Wannan an ɗan faɗa mini. Abin da ba a faɗa ba shi ne sabon nonon ba zai ji taɓi ba, haka ma fatar ƙasan cibiya. Jijiyoyin ji an yanke su, kuma daga baya na ji cewa wasu likitoci suna haɗa su lokacin aikin don ji ya ɗan dawo. Ko a ce mini akwai wannan zaɓin ba a yi ba.

Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne ƙullutu. Bayan 'yan watanni ina wanka na ji wani abu mai tauri a gefen nonon. Ki duba fa, mace da ta fito daga kansa! Na kira lambar da suka ba ni, ba a ɗauka ba. Da aka ɗauka aka ce in jira ranar ganin likita. Ban yi barcin kirki ba har aka yi sikanin, aka ɗebi ɗan nama aka gwada. Sakamako ya fito, kitse ne da jini bai ishe shi ba ya mutu ya dunƙule. Likitan ya ce, "Ai wannan yana faruwa, ba wani abu ba ne." To tunda kun san yana faruwa, me zai hana ku faɗa tun ranar sallama? Jimla ɗaya ce da ba za ta ci musu minti guda ba.

Haka aka yi da zancen da aka yi mini cewa "aiki ɗaya ne". Ba ɗaya ba ne. Akwai daidaita shi da ɗaya nonon, akwai ɗebo kitse daga cinya a cike inda ya lotsa, akwai kan nono da zanen launinsa. Kowanne da ranarsa da jinyarsa. Hannun likitan ba ni da ta cewa a kansa, kuma zan koma masa ya ƙarasa. Amma wannan karon da takarda zan shiga, sai ya amsa mini tambayoyina ɗaya bayan ɗaya kafin in sa hannu, har da lambar da za a ɗauka in na kira.