Hattara da masu "gyaran kenel": an sayar mini da abin da yake nawa a kan dala 300

Jama'a, raina a ɓace yake, ku yi haƙuri idan na yi ta maimaita magana. Dala 300. Dala 300 wani ɗan damfara ya karɓe a hannuna da sunan zai saita mini kenel ɗin Linux, wato zuciyar tsarin da ke tafiyar da kwamfuta, don sabata (babbar kwamfutar aikina) ta yi aiki da duk ƙwayoyin furosesarta, wato sassan da ke yi mata lissafi. Ƙwaya 16 gare ta, kuma dukansu lafiyarsu ƙalau kafin ya sa hannu. Wannan ne ke hana ni barci.

Kafin wani ya zo yana ce mini "ai da ka bincika", to na bincika. Ba jiya na fara taɓa Linux ba. Mutumin nan ya san aikin, shi ya sa abin ya fi ciwo. Ya yi mini maganar SMP, wato yin aiki da ƙwayoyi da yawa a lokaci guda, ya ambaci saitunan kenel irin su CONFIG_SMP da CONFIG_NR_CPUS, ya bayyana yadda kenel ke rarraba ayyuka tsakanin ƙwayoyi, duk daidai, babu inda ya yi tuntuɓe. Wa zai ji wannan ya ce ɓarawo ne?

Sabar tana sarrafa mini bidiyo ne, aikin kuma yana jan ƙafa, na yi cigiyar wanda zai duba a intanet, sai ga shi. Ya ce dubawa kyauta ne. "Yallaɓai, ba ni ikon root na ɗan lokaci in gani, ko sisi ba za ka biya ba." Wannan maganar nake ta juyawa a kaina. Ko sisi ba za ka biya ba. Na ba shi root ɗin, wato cikakken iko a kan na'urar. Ya ce zai sake kunna na'urar don ya ga yadda take tashi, na ce bismillah. Da ta tashi sai ya ce in buga nproc, umarnin da ke nuna yawan ƙwayoyin da ke aiki, da hannuna, kada in ce shi ya faɗa. Na buga. Ta nuna 2. Biyu cikin 16! Da idona na gani, da yatsana na buga. Ku gaya mini wanda zai ga haka bai yarda ba.

Dala 150 na fara turawa. A'a, tsaya, kafin nan sai da ya turo mini hoton make menuconfig, allon nan mai shuɗi na saita kenel, wai ga shi yana haɗa mini kenel na musamman. Sannan na tura 150. Ragowar 150 ɗin bayan ya "gama" ne, da nproc ta nuna 16, na buɗe htop, mai nuna aikin kowace ƙwaya, na ga layuka 16 duk sun cika maƙil. Har godiya na yi masa, wallahi har addu'a. 150 da 150, dala 300.

Abin da ya yi kuwa, wani abokin aikina ne ya tono shi, kuma bai sha wahala ba. Ya buɗe journalctl, wato rajistar abubuwan da suka faru a na'urar, ya duba tashin na'urar na baya, sai ga layin umarnin kenel na ranar "dubawa kyauta" ɗauke da nr_cpus=2. Ɗan damfarar ne ya cusa shi a GRUB, manhajar da ke tayar da kenel, lokacin da na ba shi root, ya sake kunnawa, kenel ya bi umarni ya taƙaita kansa ga ƙwaya 2. Shi ya ɗaure akuyar, sannan ya karɓi ladan kwance ta. Kenel na musamman ɗin fa? Mun gwada fayil ɗin config (na saituna) nasa da na asali da ke cikin /boot, bambancin kawai CONFIG_LOCALVERSION, wato ya liƙa wa kenel ɗin sabon suna don uname -r, umarnin da ke nuna sunan kenel, ta nuna wani abu daban. Suna kawai. Dala 300 kuɗin raɗin suna.

Na manta ban faɗa ba, tun kafin mu gano wannan ya dawo yana neman ƙarin dala 100, wai lasisin kenel ɗin na shekara. A nan ne jikina ya fara ba ni. Lasisin me? Kenel ɗin Linux a ƙarƙashin lasisin GPL yake, kyauta kowa ke sauke shi a kernel.org. Tun Linux 2.0 a 1996 yake iya aiki da furosesa fiye da ɗaya, kuma kenel ɗin da nau'o'in Linux irin su Ubuntu ko Debian ke zuwa da shi a kan irin wannan saba SMP a kunne yake tun daga farko, buga uname -a za ka ga SMP a rubuce ɓaro-ɓaro. Ban tura 100 ɗin ba. Da na tambaye shi lasisin wa, sai ya daina amsawa, daga baya ya toshe ni.

Layukan htop da suka cika har na yi murna kuwa, ba bidiyona suke sarrafawa ba. Manhajar haƙar kuɗin kirifto ya dasa, ya ba ta suna mai kama da na ayyukan kenel don kada a lura. Wato na biya shi dala 300, sannan sabata tana yi masa ƙwadago dare da rana. Aikina kuwa bai ƙara sauri ba ko kaɗan, ya ma ƙara nauyi. Dama can matsalar ba ta kenel ba ce, tsarin aikina ne ke tura fayil ɗaya bayan ɗaya a kan zare guda, wato layin aiki ɗaya, kuma manhajar da aka rubuta ta yi aiki da zare ɗaya ba kenel ɗin da zai raba ta gida 16. Shi ya san haka sarai. Ya sani tun minti na farko, yana ce mini yallaɓai.

Yanzu sai da na goge sabar gaba ɗaya na sake girka komai, na canza kalmomin sirri da makullan SSH na shiga sabar daga nesa, don ban san me kuma ya binne a ciki ba.

Ku buga nproc da lscpu da cat /proc/cmdline, don ganin yawan ƙwayoyi da layin umarnin kenel, kafin kowa ya taɓa muku na'ura, ku adana hoton. Kada ku ba baƙo root, ko ya ce kyauta ne.

Hotunan hirarmu duk suna nan, da shaidar tura kuɗin guda biyu, da layin nr_cpus=2 ɗin. Ina rufe bayanan sabata ne a jikinsu, da na gama zan ɗora su duka. Idan akwai wanda ya yi wa irin wannan, ya yi magana, don na tabbata ba ni kaɗai ba ne. Dala 300, kuma wai har da lasisi.